Daga Garmaho Zuwa Manhaja: Tarihin Yadda Muke Sauraren Waƙa

Gabatarwa

A zangon karatun da ya wuce na ba ɗalibaina na aji biyar aikin gida a darasin waƙar baka. Na ce kowa ya je ya nemi Bakandamiyar Ibrahim Narambaɗa ya saurara, ya rubuto mini gindin waƙar da ɗiya biyu, sa'annan ya faɗi abin da ya fahimta. Ranar Litinin wani yaro mai ƙwazo ya kawo nasa aikin, ya ce da ni cikin ladabi, "Malam, ina jin an yi kuskure a allo, ai waƙar ta Shata ce. Na gani a wayar yayana, har da hotonsa." Washegari yayan nasa ya zo da wayar aka kunna mini. Muryar Narambaɗa ce ba ko tantama, ga kotso yana tashi, ga 'yan amshi suna karɓa irin ta makaɗan fada, amma wanda ya ɗora waƙar a manhajar ya liƙa mata hoton Alhaji Mamman Shata da sunansa, domin kuwa shi ma Shata yana da tasa Bakandamiyar.

Ban ga laifin yaron ba. Abin da aka rubuta masa shi ya karanta. Amma abin ya tsaya mini a rai, har ya sa na waiwayi hanyoyin da waƙa ta bi ta iso kunnen Bahaushe tun daga zamanin kakanninmu, na kuma tambayi kaina abin da ya kamata mutum ya duba kafin ya zaɓi manhajar da zai riƙa sauraro da ita. Wannan waiwaye shi ne nake son in gabatar wa 'yan'uwa marubuta.

Lokacin Da Sai An Je An Gani

Kafin zuwan kowace irin na'ura, kiɗa da waƙa a ƙasar Hausa abokan aiki ne. Mace tana daka tana lugude, tana niƙa tana rera waƙa, tana reno tana rarrashi da waƙa, in za a yi daɓe kuwa matan unguwa su taru da madaɓai, bugu da waƙa su tafi tare. Manoma suna da gangar noma a wurin gayya. Maƙera suna da dundufa, mahauta suna da kalangu, 'yan dambe da 'yan kokawa da 'yan tauri kowa da kiɗan da ke tsuma shi. Da farin wata 'yan mata su fita dandali su yi gaɗa, matan aure su kifa ƙwarya a ruwa su yi amada a cikin gida. A fada kuma ga tambari da kakaki da algaita, ga makaɗan kotso da na taushi, kowane da ubangidansa.

Akwai abubuwa uku da ya kamata mai karatu ya riƙe game da wannan zamani, domin da su za mu auna sauran. Na farko, ba a jin waƙa sai an je inda ake yin ta. Na biyu, mai sauraro shi ne mai biya, hannu da hannu, ko da dami ne ko riga ko doki ko 'yan kuɗi. Na uku, ba a taɓa ruɗewa a kan mai waƙa, tun da ga shi nan a tsaye, ga sanƙira yana ƙara fayyace wa jama'a wanda ake wa waƙar da asalinsa. Illar zamanin guda ɗaya ce, amma babba: da an tashi daga wuri iska ta kwashe waƙar, sai abin da ya maƙale a kan mutane. Makaɗa nawa ne suka shuɗe ba mu san ko amon muryarsu ba?

Garmaho Da Akwatin Rediyo

A shekarar 1877 wani Ba'amurke, Thomas Edison, ya ƙera na'urar farko mai ɗaukar murya ta maimaita. Bayan shekara 10 Emile Berliner ya fito da garmaho mai amfani da faifai, wanda shi ne ya iso mana a zamanin Turawa ta hannun kamfanoni da 'yan kasuwa. Wana shi ake yi da hannu, a ɗora allura a kan faifai, in allurar ta dakushe a sake wata. Faifan yana juyawa sau 78 a minti ɗaya, kuma kowane gefe bai wuce ya ɗauki waƙar minti uku da 'yan kai ba. To, a nan ne na'ura ta fara gindaya wa makaɗi sharaɗi. Mutumin da ya saba kwashe rabin dare yana jero ɗiyan waƙa ɗaya, yanzu an ce ya dunƙule ta kafin allura ta kai ƙarshe. Garmaho kayan masu hali ne. Kakata ta sha ba mu labarin wani attajirin garinmu da yake fito da nasa ƙofar gida bayan la'asar, yara su yi ta leƙen bayan akwatin suna neman inda mutumin ya ɓuya.

Rediyo ne ya sauko da abin ga talaka. A shekarar 1944 aka kafa rediyo mai waya a Kano, inda ake ja wa masu biyan kuɗi akwati har gida, a kuma kafa lasifika a wuraren taruwar jama'a. Sashen Hausa na BBC ya soma aiki a 1957, a 1962 kuma gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna. Da ƙananan rediyoyi masu batir suka yawaita, sai ya zamana manomi a Gumel da mai shago a Maraɗi da ɗan ci-rani a zangon Kumasi suna iya jin Musa Ɗanƙwairo ko Ɗan Maraya Jos a lokaci guda, alhali ba wanda ya taɓa ganinsu ido da ido. Marubuta waƙoƙi ma sun ci moriya, domin ta rediyo mutane da yawa suka san muryar Alhaji Aƙilu Aliyu tun kafin su ga waƙoƙinsa a takarda.

Duk wanda ya tashi a gidan da ake kama tashar Kaduna ya san shirin Zaɓi Sonka. Mutum ya aika da kati, ya jero sunayen waɗanda yake gaisarwa, ya zaɓi waƙa, ya zauna jiran makonni kafin a karanto. In an karanto kuwa ranar nan unguwa ta ɗauka. Wato ko a lokacin nan zaɓen waƙa zumunci ne, ba jin daɗin mutum ɗaya ba. Bugu da ƙari, mai gabatarwa yakan faɗi sunan makaɗi da wanda aka yi wa waƙar, ya tsaya a matsayin sanƙira ke nan. Kuma da yawa daga muryoyin tsofaffin makaɗan fada da muke ji yau, a ɗakunan ajiyar gidajen rediyo suka tsira.

Zamanin Kaset

Kamfanin Philips na ƙasar Holan ne ya fito da kaset a 1963, amma sai a shekarun 1970 ya cika gidajenmu, lokacin da kuɗin man fetur da na Udoji suka shigo hannun ma'aikata, alhazai kuma suka riƙa dawowa da rakoda a cikin tsaraba. A wannan zamani na buɗe ido. Mahaifina tela ne, yana da rakoda mai cin manyan batura shida, an ɗinka mata riga ta yadi don ƙura. Da safe karatun Alƙur'ani, da hantsi Shata ko Haruna Uji, keken ɗinki yana tafiya da kiɗan. A cikin gida iyayenmu mata suna da kaset ɗin Barmani Choge da suke aro a tsakaninsu. Aikina shi ne in zare ya sarƙe in zaro shi a hankali, in zura biro in naɗe, in ya tsinke in liƙa da jan farce. In batir ya yi sanyi muryar Shata ta riƙa ja kamar mai jin barci, sai a fitar da baturan a shanya a rana.

Kaset ya ba mai sauraro ikon da bai taɓa samu ba. Ka ji waƙar da kake so lokacin da kake so, ka mayar baya ka sake jin ɗan da ya burge ka, ka kai rakoda wurin biki ka ɗauko makaɗi da kanka. Shi ya sa ake samun waƙar Shata ɗaya a siga uku ko huɗu, ta gidan rediyo daban, ta faifan kamfani daban, ta gidan biki daban. Ta kaset ɗin nan kuma waƙoƙin finafinan Indiya da kiɗan Sudan suka zauna daram a kunnuwan matasa.

Amma a nan ne igiyar da ta haɗa mai sauraro da aljihun makaɗi ta fara sakwarkwacewa. Da rakoda mai baki biyu ta zo, kowane mai shago ya zama kamfani, ya sayi kaset ɗaya ya kwafi ɗari. An yi dokar haƙƙin mallaka a 1988, sai dai ba ta hana komai ba a kasuwanninmu. Tsofaffin makaɗa ba su cika damuwa ba, saboda abincinsu yana hannun iyayen gidansu da masu biki, kaset talla ce kawai take yi musu. Abin da ya rage na alheri shi ne mai sayar da kaset ɗin kansa masani ne. Ka rera masa rabin ɗa, ya miƙa hannu ya zaro maka, ya kuma gaya maka wa aka yi wa. Da biro yake rubuta sunan makaɗi a bayan kwali, amma ba ya kuskure.

Fim, Fiyano Da Memori

A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake ɗauka a matsayin mafarin finafinan Hausa na bidiyo. Kafin shekara 10 waƙa ta zama gishirin fim, fiyano ta maye gurbin kalangu da kukuma a ɗakunan ɗaukar sauti, aka sami sabon jinsin mawaƙa da ba su gaji kiɗa ba, ba su kuma da ubangida a fada. Wasunsu ma daga cikinmu suka fito, alal misali Aminu Ladan Abubakar, wato Alan Waƙa, wanda ya rubuta littattafai kafin ya shahara da waƙa. A daidai wannan lokaci manyan bishiyoyi suka riƙa faɗuwa: Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗan Maraya a 2015.

Faifan CD bai daɗe yana mulki ba. Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, bayan 'yan shekaru ƙananan wayoyi masu ɗaukar memori suka cika kasuwa, sai ga sabuwar sana'a ta masu tura waƙa. Matashi ya kafa kwamfuta a kan teburi a bakin kasuwa ko tasha, ka ba shi memori da 'yan canji ya loda maka waƙoƙi ɗaruruwa, kai kuma ka tura wa abokinka ta Bluetooth kyauta. Ba a taɓa samun arahar waƙa irin ta wannan lokaci ba, ba a kuma taɓa yi wa mawaƙi asara irinta ba. Sa'annan sunaye suka ɓace. Waƙa ta bi wayoyi goma, ta iso gare ka da lamba kawai ko da sunan da wani ya ga dama ya sa mata. Ina ganin wannan na cikin dalilan da suka sa mawaƙan zamani suka dage da ambaton sunansu da na ɗakin da aka buga kiɗan a cikin waƙar kanta, don ko an goge rubutu, murya ta yi shaida. Daga irin waɗannan tarkacen memori ne aka kwashi yawancin tsofaffin waƙoƙin da aka ɗora a intanet, da kurakuransu da komai. Kuskuren da ɗalibina ya ci karo da shi, a nan aka haife shi.

Zuwan Manhaja

Manhajar sauraro ta bambanta da duk abin da ya gabata ta fuska ɗaya: waƙar ba a hannunka take ba. Tana can ajiye a manyan kwamfutocin kamfani, ana kwararo maka ita ta intanet lokacin da ka taɓa. An kafa YouTube a Amurka a 2005. Spotify ta soma aiki a 2008 daga ƙasar Suwidin, ba ta iso Nijeriya ba sai a 2021. Audiomack ta fito a 2012, ta yi farin jini wurin mawaƙa masu tasowa saboda mutum yana iya ɗora waƙarsa da kansa ba tare da ya biya ba. A 2015 aka fito da Apple Music, a shekarar kuma Boomplay ta fara a Nijeriya, ta yaɗu saboda tana zuwa a cikin wayoyin Tecno da danginsu. Galibinsu hawa biyu ne, na kyauta mai talla, da na biyan kuɗin wata wanda ba talla.

Yadda kuɗi ke isa ga mawaƙi abin a sani ne. A tsarin Spotify, sai an saurari waƙa daƙiƙa 30 ake ƙirga ta. Ana tara kuɗin talla da na masu biyan wata, kamfani ya cire rabonsa, saura a raba wa masu haƙƙi gwargwadon yawan sauraron da kowa ya samu. Daga 2024 kamfanin ya ƙara sharaɗin cewa waƙar da ba a saurara sau 1,000 a cikin wata 12 ba, ba ta shiga wannan rabo. Ma'ana, kunnenka ya koma kuɗi. Kyautar da kakanka yake miƙa wa makaɗi a dandali, yau da ɗan yatsa kake miƙa ta, kuma tana tafiya ne ga wanda ya ɗora waƙar, ko shi ne mai ita ko ba shi ba ne.

Haka kuma manhaja tana lura da abin da kake ji da abin da kake tsallakewa, ta riƙa jero maka makamantansa. A da kai ne kake zaɓen sonka ka aika Kaduna, yanzu na'ura ce take zaɓa maka, kuma abin da jama'a suka fi ji shi take turowa gaba. Yaron da ya fara da waƙoƙin soyayya na fim, in bai nema da kansa ba, zai iya shekara bai gamu da Ɗan Anace ko Sa'idu Faru ba.

Me Za A Duba Kafin A Zaɓa?

Ba zan ce wa mai karatu ga wadda ta fi ba, domin bukata ta bambanta, kamfanoni kuma suna sauya tsari. Amma ga ma'aunai huɗu da tarihin nan ya koya mini.

Na farko, gwada ta da abin da ka sani. Rubuta sunayen makaɗa biyar, tsofaffi uku da na zamani biyu, ka ga abin da za ta kawo. A gwajin da na yi, mawaƙan zamani suna ko'ina, amma tsofaffin makaɗa sun fi samuwa a inda jama'a suke ɗorawa da kansu, can ne kuma kurakurai suka fi yawa. Sai an haɗa da haƙuri, domin sunan Ɗanƙwairo kaɗai ana rubuta shi iri uku ko fiye, da ƙugiya da babu, a haɗe da a rabe.

Na biyu, duba wanda ya ɗora. In mawaƙin yana raye kuma yana da shafinsa na kansa, saurara a can, ko da wani ya ɗora irinta a gefe. Wannan ita ce 'yar kyautar da ta rage a hannunmu.

Na uku, lissafa data da caji. Sauraren murya zalla na awa ɗaya a matsakaicin inganci yana cin abin da bai kai megabayit 100 ba, bidiyo kuwa ya ninka haka. Ga malamin makaranta irina, manhajar da za ta bari in sauke waƙa in ji ba tare da intanet ba ta fi mini mai yawan ƙyale-ƙyale.

Na huɗu, kada ka yar da na hannu. Abin da ke manhaja haya ne, ran da yarjejeniya ta ƙare tsakanin kamfani da mai haƙƙi, ko aka rufe shafin wanda ya ɗora, sai ka wayi gari waƙa ta ɓace. Kaset ɗin mahaifina 40 da 'yan kai suna nan a cikin akwati, kuma akwai waƙoƙi a ciki da har yau ban same su a ko'ina ba.

Kammalawa

In muka dubi tafiyar daga farko, za mu ga kowace na'ura ta ƙara mana sauƙi, ta kuma karɓe wani abu. Garmaho ya adana murya ya gajarta waƙa. Rediyo ya kai ta nesa ya raba mu da dandali. Kaset ya ba mu iko ya rage wa makaɗi samu. Memori ya ba mu yawa ya shafe suna. Manhaja ta zo da damar maido da suna da samu gaba ɗaya, amma sai in an sami masu yi mata aikin sanƙira.

A nan ne maganar ta dawo kanmu. Duk mai neman waƙa a manhaja da rubutu yake nema, abin da ba a rubuta daidai ba kuwa kamar babu shi ne. Wa ya fi cancanta da wannan aiki in ba marubuci ba? Magabata sun share hanya. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara tarihin makaɗa da dama, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun fitar da Shata Ikon Allah a 2006. Amma makaɗan ƙauyukanmu fa, na noma da na dambe da zabiyoyi, waɗanda kaset ɗinsu ke cin ƙura a ɗakunan tsofaffi? Kowane reshe na ƙungiyarmu zai iya ɗaukar makaɗi ɗaya na yankinsa, a nemi iyalansa da yaransa da suka rage, a rubuta sunan kowace waƙa da wanda aka yi wa da kayan kiɗan, a rubuce matanin, sa'annan a taimaka wa magada su ɗora da sunansu don amfanin ya koma gida. Mu kanmu za mu fi kowa cin riba, domin marubucin da Hausarsa ta yi rama, a wurin waɗannan mutane zai samo mata abinci. Da tsohuwar zuma ake magani.

Shi kuwa ɗalibin nawa, na ɗauko rakoda daga gida na kunna wa ajinsu Bakandamiya biyun a jere, na ce su rufe ido su saurari ganga kawai. Kafin a tashi, kusan kowa yana iya bambanta kotso da kalangu. Bayan sati ɗaya yaron ya same ni a ofis ya ce ya sa yayansa ya rubuta gyara a ƙarƙashin waƙar, har wani ya amsa da godiya. Hoton dai yana nan ba a cire ba, amma duk wanda ya duba ƙasa zai ga sunan Narambaɗa.

Allah ya jiƙan magabatanmu, mu kuma ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari.